Talatar da Aka Riga Baffa Yanka

A gidanmu na Ƙonni babu ranar da ta kai Talatar da ke gaban Larabar toka hayaƙi. Mu Kirista ne, kuma washegarin wannan Talata muke shiga azuminmu, a shafa mana toka a goshi, a rage ci, a yi sallama da nama da maiƙo sai abin da ba a rasa ba. Saboda haka ranar Talata ake share gida. Duk man da ya rage a kwalba, duk ƙwan da kaji suka saka, duk albasar da aka shanya a bayan ɗaki, tukunya ce makomarsu. Ƴan Togo da ƴan Benin da suka fi yawa a cocinmu suna ce wa ranar Mardi gara. Inna ba ta taɓa wahalar da bakinta da wannan suna ba. Talatar maiƙo take cewa, mu ma haka muka tashi muna faɗa.

Unguwarmu kaf Musulmi ne, mu kaɗai ne bare. Da babbar Sallah nama kan shigo mana ta kowace ƙofa, har sai Inna ta ɗaura igiya a tsakar gida ta shanya. Kwano kuwa ba ya komawa gidansu wofi har abada, dole wata rana ka cika shi. Da Kirsimeti watanda ake yi a coci, kowa ya ɗauko kasonsa, kuma maƙwabta ba sa cin abin da ba su san hannun da ya yanka ba. To sai Talatar maiƙo ta zama ranar da Baba ke rama alheri. Yakan sayi akuya, wata shekarar tunkiya idan aljihu ya yi nauyi, a dafa, a zuba a kwanuka, a bi gida gida. Amma kafin wannan duka sai an sami Musulmi ya yanka. A nan ne Baffa ya shigo.

Baffa yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A wani ƙauye kusa da Bazaga aka haife su. Baba ya zo Ƙonni yana saurayi yana ɗaukar wa wani magini bulo, mutumin bakin teku, ya bi shi aiki har ya bi shi coci. Da labari ya kai gida, kakanmu ya tara mutane ya ce ba shi da ɗa a Ƙonni. Bai tsaya nan ba, ya sa Baffa ya yi masa alkawari a gaban jama'a cewa ba zai taka gidan Baba da sunan zumunta ba, kuma ba zai karɓe shi a gida a matsayin ɗan gida ba. Baffa ya ɗauka. Shekaru suka shige, ko a kasuwa suka yi kiciɓis sai Baffa ya duƙa yana taya buhun da ba shi da niyyar saye. Kakanmu ya rasu bai janye maganarsa ba.

Ban ga zuwan Baffa na farko da idona ba, a bakin Inna na ji, kuma ta iya bayar da shi. Ta ce suna tsaye da akuya a ɗaure, Baba na shirin fita neman mai yanka, sai ga sallama a ƙofa. Dogon mutum ne, baƙi, fuskar nan kamar an aiko masa da rasuwa, ga wuƙa cikin kube a hammata.

"An ce mini za ka raba ma mutane nama," in ji shi, bai ko gaisa ba. "Ba ni bari a ce wani daga garinmu ya ciyad da Musulmi mushe. Ina akuyat take?"

Baba ya buɗe baki zai ce Yaya, sai Baffa ya ɗaga masa hannu.

"Ba wurinka niz zo ba. Wurin akuya niz zo."

Daga ranar bai sake fashi ba. Ranar ba ta da tsayayyen wata, kowace shekara sai ta matsa, don haka idan ta gabato Baba kan tare wani mai amalanken jaki da ke kawo wake daga Bazaga ya ce masa, ka ce da Yaya akwai yanka Talata. Ko da wayar salula ta zo ta cika gari, saƙon bai canza hanya ba, bai kuma ƙaru da kalma ɗaya ba.

Na girma ina kallon yadda yankan minti kaɗan ke cinye yini guda. Baffa zai iso da hantsi, ya kewaya akuya yana kushe ta, ya ce an cuci mai saye. Ya wasa wuƙa a dutsen Inna, wuƙar da ya riga ya wasa a gida. Baba ya danne, shi ya fuskantar da ita gabas ya yanka. Daga nan ya kamata ya tafi, amma ina, ai ba zai bar mutanen da ba su iya fiɗa ba su huda fata. Ana gama fiɗa sai rabo, kuma wa ya san gidan da ya kamata a kai wa cinya in ba shi ba, shi da ba ɗan unguwar ba? Kafin a ankara an kira azahar. Inna tana da buta da tabarma da ta keɓe masa, babu mai taɓa su duk shekara. In ya idar sai ya dubi sama ya ce rana ta yi zafi, sai ta ɗan karya. A daidai lokacin nan shinkafa ta nuna, ga ragadada, ga masa, ga fanke tuli a faifai. Abinci kuwa ba a ƙin shi, in ji shi, wulaƙanta arziki ne. Sai a ajiye musu kwano ɗaya a gindin dogon yaro, su biyu, suna ci yana mitar gishiri. Bayan la'asar Inna ta naɗe masa wuyan dabbar, haƙƙin mai yanka, ya saɓa ya tafi ba tare da ya ce an gode ba.

Ba su taɓa yin wata hira mai tsawo ba. Gero ya yi bana? Ya yi daidai. Rijiya ta kafe? Da saura. Amma ta wannan hanya Baba ya san wanda ya mutu a garinsu da wanda ya haihu. Ni kuma tun ina ƙarama nake jin haushin Baffa. Ina ganin mutum ne da ya ci naman gida ya ƙi yi wa masu gida dariya. Sai da na yi aure na koma Illela ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na fara zuwa gida baƙuwa, sannan na lura Baba ba ya yin aski sai ana gobe Talatar maiƙo.

Tsufa ya kama Baffa ta hannu. Wata shekara ya ɗora wuƙa, hannun ya yi rawa, akuya ta fizge, sai da ya maimaita. Jini ya ɓata masa gaban riga. Akwai maƙwabta biyu a tsaye, suka kawar da kai. Yankan dai ya halatta, kowa ya shaida, amma ranar Baffa bai kushe gishiri ba, bai ma ci da yawa ba. Na ga Baba yana satar kallon hannun nan a cikin kwano.

Baba mutum ne da ya ɗauki maganar ƙaunar Allah da gaske, har wani lokaci yakan gajiyar da mu. Abin da ya riƙe tun yana saurayi shi ne Allah ba ya sayar da ƙaunarsa, ba ya jiran ka yi masa aiki kafin ya ce kai nasa ne. Ya ce wannan ne ya zaunar da shi a coci ranar da ya fara shiga, yana yaron magini, ƙafa duk siminti. Idan Talatar maiƙo ta zo yakan ce mana, ku ci, ba don kun cancanta ba, gobe za ku tuna ku turɓaya ne, yau ku tuna ana ƙaunarku. To bayan abin da ya faru da hannun Baffa sai ya shekara yana juya abin a ransa. Ya ce shi ya cuci yayansa. Ya ce ya mayar da shi ɗan ƙodago, sai ya durƙusa cikin jini kafin ya ci loma a gidan ƙanensa. Ya ce bana zai karɓe shi yadda Allah ke karɓar mutum, hannu wofi.

Inna ta ce masa, "Maigida, bar mutum da wuƙarshi."

Sau ɗaya ta faɗa. Inna ba ta maimaita magana, shi kuma Baba in ya ga abu alheri ne ba ya jin kira.

Na iso daga Illela da safiyar Talatar na tarar an gama komai. Wani mahauci maƙwabcinmu ya yanka tun da sassafe, ya feɗe, ya tafi da wuyansa. Fata na shimfiɗe a rana an kafe ta da tsinke. A gindin dogon yaro ga sabuwar tabarma da matashi, ga riga ƴar shara fara da Baba ya bayar aka ɗinka, a ninke a kai. Baba ya sha aski yana ta kai da kawo kamar ango. Gaskiya abin ya burge ni, har na ce wa Inna yau dai za mu ga haƙoran Baffa. Ita dai ta ci gaba da juya masarta a tanda.

Da hantsi ya yi sallama, wuƙa a hammata. Ƙafarsa ɗaya ce ta shigo tsakar gida lokacin da idonsa ya faɗa kan fatar. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dubi turken da aka saba ɗaure akuya, babu komai sai igiya.

"Wa yay yanka?"

"Mahaucin nan na bayanmu na, Yaya," in ji Baba, yana murmushi. "Na ce bana ka huta. Shekara da shekaru kana wahala. Yau ka zamna kawai, ka ci. Ga shimhiɗa can."

"Musulmi na?"

"Musulmi na, ka san shi."

"To madalla. Ashe kun samu mai yanka." Ya gyara zaman wuƙar a hammata. "Aiki ya ƙare ke nan. Ni in koma, na baro awaki ba ruwa."

Da Baba ya yi shiru a nan, ko kuma ya ce fiɗar ba ta yi kyau ba ka zo ka duba, ko ya ce ba mu san yadda za mu raba ba, ina jin da an tsira. Akwai ƙofofi da yawa da za a iya buɗe masa. Amma Baba ya riga ya shekara yana tanadin maganarsa, kuma ga matan maƙwabta sun shigo taya Inna aiki, ga wani dattijo ya leƙo gaisuwa. A gabansu duka ya kama hannun rigar Baffa.

"Yaya, don Allah. Ban taɓa kiranka don akuya ba. Ƙonni cike take da masu yanka, kai ma ka sani. Kai nike so. Kai nike kira tun hwarko."

Ban taɓa ganin fuskar Baffa haka ba. Ba fushi ba ne. Ya yi kama da wanda aka yaye wa zane a kasuwa.

"Ka san abin da tsoho yas sa ni na ɗauka," ya ce a hankali.

"Tsoho ya daɗe cikin ƙasa, Yaya."

"Shi ya sa ba ni da inda za ni in roƙe shi ya janye."

Ya zare rigarsa daga hannun Baba ya juya. Inna ta bar masar da ke tanda tana ƙonewa, ta yanko tsoka mai kyau ta bi shi har waje tana cewa ga rabonka. Ya tsaya ya ce mata, cikin ladabi, rabo na wanda ya yanka ne, shi bai yanka ba. Ya tafi a ƙafa cikin rana bai ko jira amalanke ba.

An raba abinci kamar kullum, maƙwabta sun ci sun sa albarka. Baba ya zauna a bakin sabuwar tabarmar, bai hau ta ba. Ni kuwa bakina bai yi shiru ba. Na ce taurin kai ne, na ce girman kai ne, na ce wane irin mutum ne za a ce masa ana son shi ya gudu kamar an zage shi. Inna ta bar ni na gama, sannan ta ce garin neman gira an rasa ido, ta miƙo mini tsintsiya.

Washegari muka tafi coci aka shafa mana toka. Ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azin fada ba. Ina kallon ƙeyar Baba a gabana, sabon aski, ina jin haushin kowa, har da Allah, in faɗi gaskiya. Ya Allah, mutum ya yi abu don ƙauna tsantsa, ya kwaikwayi abin da aka koya masa game da kai, ka bari ya tashi da asara?

Na daɗe kafin haushin ya sauka, kuma abin da ya maye gurbinsa ya fi shi ciwo. Baba bai yi ƙarya ba, ƙaunar Allah kyauta ce. Abin da ya manta, ni ma ban taɓa lura ba, shi ne yadda take zuwa. Allah ba ya bukatar azumina, ba ya bukatar ɗan kwanon shinkafar da nake kai wa maƙwabciya. Amma ya bar mini su, ya ce kawo, don ya san ni, ya san ba zan iya tsayawa gabansa hannu na dukan cinya ba, kunya za ta kore ni. Yana ba mutum abin riƙewa ya shigo da shi, kuma ba ya tona masa asiri a gaban jama'a ya ce ai na san ba wannan ne ya kawo ka ba. Baffa ya samo wa kansa hanyar da zai cika alkawarin ubansa ba tare da ya yar da ƙanensa ba, ya bi ta shekara da shekaru ba tare da ya faɗa wa kowa ba, wataƙila har da kansa. Duk unguwa sun sani. Mahaucin nan ma da yake bayanmu tun kafin a haife ni bai taɓa cewa ga ni kusa ba. Kowa ya rufa masa, sai wanda ya fi kowa son shi ne ya buɗe.

Da shekara ta zagayo Baba ya aika saƙon da aka saba. Ya ɗaure akuya, ya hana kowa taɓa ta. Muka jira har rana ta karkata. Baffa bai zo ba, kuma ta yaya zai zo, bayan an faɗa a gaban shaidu cewa ba don akuya ba ne? A shekarar nan masa da fanke kawai maƙwabta suka samu, babu wanda ya tambayi dalili.

Shekarar da ta biyo baya Baba ya ce zumunta a ƙafa take, tunda shi bai zo ba mu za mu je. Ya ɗora akuya a amalanke ranar Talatar maiƙo, ya ce in raka shi. Rabonsa da garin tun yana saurayi. Wannan ne ganinsu na ƙarshe, don Baffa bai ƙara damina biyu ba.

Mun same shi a zaure yana zaune, ya rame, hannun dama na ta kaɗawa a kan gwiwa. Ya amsa sallama, ya yi wa Baba gaisuwa cikakkiya, ina gajiya, ina iyali, ina mutanen Ƙonni, ya hanya, irin gaisuwar da bai taɓa yi masa ba. Da farko na yi murna. Baba ya durƙusa ya ce ya kawo akuya ne a yanka masa, ba shi da mai yanka.

Baffa ya ɗaga hannun nan mai rawa ya nuna masa. "Hannu ya ƙi. Kuma Ƙonni ba ta rasa mahauta ba, kai kah hwaɗi." Babu gatse a muryarsa. Sai ya ƙwala wa babban ɗansa kira. "Kai, a kawo ma baƙo ruwa. A yi mishi shimhiɗa nan zaure. Ka kama jan zakaran nan babba a yanka." Ya juyo gare ni. "Ke ɗiyata, shiga ciki, iyayenki na nan."

Alkawarin bai haɗa da ni ba, don ba a haife ni ba lokacin da aka ɗauke shi. Sai ga ni a cikin gida mata sun kewaye ni, ana nuna mini ɗakin kakarmu, ana cewa na ɗauko goshinta, Baba kuwa yana zaure. Ni na ɗauko masa abincin da kaina, tuwon gero da zakaran nan kusan gaba ɗaya. Baffa ya ce bismilla, ya dafa bango ya miƙe, ya fita ya ba baƙo wuri ya ci a sake, yadda ake yi wa mutumin da ake girmamawa. Baba ya ci shi kaɗai, yana fuskantar ƙofar da ke shiga cikin gida. Ya ci sosai, don kada a ce ya raina.

Da la'asar Baffa ya rako mu har bakin hanya, ya yi mana addu'ar sauka lafiya. Akuya na kwance a amalanke yadda muka zo da ita. Mun yi nisa, gari ya ɓace a bayan gonaki. Sai da muka kusa hawa kwalta Baba ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba.

"Cikin gidan can anka binne cibiyata," ya ce. "Yau an yanka mini zakaran baƙi."